Wani Yaro Can Tambuwal

Laifina ne, gara in faɗa tun da wuri kafin wani ya riga ni. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da tarihi a makarantar 'yan mata a Tambuwal, kullum bakina bai hutawa da faɗa wa ɗalibai cewa kada wadda ta kwaso mani abu daga intanet ba ta karanta shi har ƙarshe ba. Ranar da abin ya zo kaina, ko rabi ban karanta ba.

An sa mana sola a makaranta, da kwamfutoci goma sha biyu, bakwai suna aiki. Wata Litinin ina neman abin da zan koya wa 'yan aji biyar a kan tarihin baka, sai na faɗa shafin wata jami'a. A shekarun da kuɗin mai suka cika gari, daidai lokacin da aka yanka Jihar Sakkwato, jami'ar ta raba wa ɗalibanta rikoda, suka bazu ƙauyuka suna ɗaukar muryoyin tsofaffi. Kaset-kaset ɗin suka kwanta cikin kwalaye shekara arba'in da ɗoriya, sai kwanan nan wasu matasa suka juye su suka ɗora a shafin don malamai da ɗalibai. Akwai wurin da ake rubuta sunan gari a nema. Son kai ya sa na rubuta Kebbe, garin kakannina. Sai ga shi ya fito: Malam Dawuda na Kebbe, 1977, kaset uku.

Kakana ne, mahaifin Baba. Ya rasu tun ba a haife ni ba, kuma ko hotonsa babu, don bai yarda da hoto ba. Na danna kaset na farko. Aka ɗan yi shuuu, akuya ta yi kuka, sannan wata murya ta yi bisimilla. Muryar Baba ce sak, har da yadda yake jan numfashi ta hanci kafin ya fara magana. Na zauna a ɗakin kwamfuta ina share hawaye da gefen mayafi, ina jin yadda kakanninmu suka zo da shanu suka sauka, da wanda ya haƙa rijiyar ƙofar gida, da shekarar da fara ta cinye gero. Minti goma na saurara aka buga ƙararrawa. Na tashi ina ji da kaina, na ce gobe 'yan aji biyar za su san malamarsu jikar wane ce.

Washegari na haska shafin a bango da majigi. Na yi bayani, na ƙara gishiri, na kunna masu muryar. Aji ya yi tsit, abin da ban taɓa samu ba ko ranar jarrabawa. Sannan na ja shafin ƙasa zuwa taƙaitaccen bayanin da masu shafin suka rubuta, wanda ni ban duba ba.

Zahara'u ce ta ɗaga hannu. 'Yar maƙwabtan Baba ce, ta san gidanmu ciki da waje, kuma idonta ba ya tsallake komai.

"Malama, ba kin ce kakanki na ba?"

"Shi na."

"To ina Malam Dikko? Ga Atiku, ga Abdu, ga Fadima, ga Maimuna. Fuɗu anka rubuta."

Na juya na dubi bango. Gaskiyarta. An rubuta 'ya'yansa huɗu, an jera su, babu mahaifina a ciki.

Malamin da ya daɗe a aji ba ya faɗuwa gaban ɗalibai, sai dai ya mayar da tuntuɓen darasi. Na ce masu to ga amfanin sanin al'ada kafin a taɓa tarihi. Mutanen da, musamman irin namu da suka haɗa jini da Fulani, ba su faɗin sunan ɗan fari. Kunya ce. Uba ba ya kiransa, uwa ba ta kiransa, ba su wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma da an yaye shi sai a miƙa wa kakanni. Dikko ɗin ma ba sunan yanka ba ne, laƙabin ɗan fari ne. In aka ce wa irin kakana ya lissafa 'ya'yansa, daga na biyu zai fara, mai hankali ya ƙara ɗaya da kansa. Yaran da suka rubuta bayanin nan ba su ƙara ba. 'Yan aji suka gyaɗa kai, suka rubuta a littafi, na ɗauka magana ta mutu.

Magana ba ta mutuwa a Tambuwal. Kafin in tashi daga makaranta ta riga ni isa unguwarmu.

Kullum in na taso nakan biya ta gidan Baba kafin in wuce gidana. Na same shi bayan la'asar inda na saba samunsa, a gindin dogonyaro, bisa kujerar roba, rediyo a cinya. Shekararsa saba'in, tsohon hedimasta ne, har yanzu da jan biro a aljihun gaba ko da ba abin da zai gyara. Na durƙusa na gaishe shi.

"Malama Ummu," ya ce. Haka yake kirana in zai tsokane ni. "An ce intanet ta kore ni daga gidanmu."

"Baba, kuskure na. Yara na sunka rubuta, ba su san kunyar ɗan fari ba."

"Na sani."

"Zan rubuta musu su gyara."

"Su mi za su gyara? Abin da sunka ji shi sunka rubuta. Da ɗalibaina na, maki nika ba su."

Ya yi dariya, na yi. Amma ya kashe rediyon, kuma Baba ba ya kashe rediyo ana tsakar labarai. Ya daɗe yana murza igiyarta da yatsa.

"Kin ji muryar tashi?"

"Na ji. Kamar taka sak."

"To," ya ce. Bai nemi in kunna masa ba.

A nan dole in koma baya, don wanda bai san Baba ba zai ɗauka ƙorafin tsufa ne. Da aka yaye shi aka kawo shi Tambuwal wurin kakanninsa na wajen uwa, a nan ya yi firamare. Yana da shekara goma sha huɗu aka mayar da shi Kebbe ya yi karatu a zauren mahaifinsa. Shekara bakwai yana zaune gaban mutumin, yana ɗaukar karatu, ba a taɓa kiran sunansa ba. In za a aike shi sai a ce wa ƙanensa Atiku, gaya wa wancan ya ɗebo ruwa. Baba bai ga laifin wannan ba, haka ake yi wa kowane Dikko. Kuma kowa ya san shi ake sa ran zai gaji zauren.

Sai shekarar 1976 ta zo, gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta, aka rasa malamai, aka shiga neman duk wanda ya gama firamare a horar da shi. Baba ya ba da sunansa ba tare da ya yi shawara ba. Ranar tafiya ya shiga zaure sallama, akwai mutane zaune, mahaifinsa yana fiƙe alƙalami. Ya durƙusa ya faɗi abin da ya kawo shi. Tsohon bai ɗaga kai ba. Ya ce, "To." Ya ci gaba da fiƙa. Baba ya jira, babu ƙari, ya tashi ya fita.

Daga kwaleji ya rubuto takarda yana neman gafara. Ba a ba da amsa ba. Ya zo hutu sau biyu, aka amsa gaisuwarsa kamar kullum, ba a ta da maganar ba, shi ma bai iya tayarwa ba. Da daminar 1978 tsohon ya kwanta ciwo kwana uku. Ruwa ya yanke hanyar Kebbe, Baba ya isa an riga an rufe shi.

Dada, kakata, ta rayu shekara ashirin bayan haka, amma ita ma ɗan farinta ne, ko ido ba ta haɗawa da shi, balle hira. Don haka babu wanda zai tambaya. Sau ɗaya tak Baba ya taɓa yi mani maganar, ranar da na gama jami'a. Ya ce ya san kunya ce, kowa ya sani, amma mai kunyarka shiru yake yi, mai fushi da kai ma shiru yake yi, kuma shi bai san wanne aka yi masa ba. Mutum ne mai sallar dare da azumin Litinin da Alhamis, amma yana tsoron ya mutu ya tarar ubansa ya tafi da shi a zuciya. Shi ya sa da ya haifi nasa ɗan farin, Yaya Lauwali, yake ƙwala masa kira da sunansa tun daga ƙofar gida, gwaggonninmu suna toshe kunne suna cewa boko ya gama da Dikko.

To wannan ne ciwon da na je na sosa da majigi a gaban 'yan mata arba'in. Na koma gida ina jin haushin kaina, na huce a kan mai gidana da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Da safe na koma ɗakin kwamfuta na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na saurari kaset na farko har ƙarshe. Mai tambayar wani ɗalibi ne, ya faɗi sunansa, Ɗangiwa, yana da ladabi, yana yawan cewa Allah shi gafarta malam. Da ya tambayi 'ya'ya, tsohon ya ce akwai Atiku, akwai Abdu, da sauransu, kamar yadda na zata. Kaset na biyu duk a kan littattafai ne da malaman da ya yi karatu wurinsu, da ɗaliban da ya karantar. Na uku ya ƙi buɗewa. Ya kai rabi sabis ya ɗauke, in sake, ya kai rabi ya ɗauke. A ƙarƙashinsa an rubuta layi ɗaya: ya yi magana a kan wani ɗalibinsa da ba a ambaci sunansa ba.

Na karanta layin nan sau uku. Kakana da ya jera sunan malamansa goma sha ɗaya har da na iyayensu, shi ne zai manta sunan ɗalibi?

Kwana biyu ina fama. Ran Alhamis na zo tun kafin masu shara, lokacin da sabis bai da masu rububinsa, kaset ɗin ya sauka gaba ɗaya cikin wayata. Na sa abin kunne. Ɗangiwa ya yi tambaya, tsohon ya ja numfashi ta hanci ya ce, "Akwai wani yaro can Tambuwal." Na tsayar da shi nan take.

Ban san abin da ke gaba ba. Zai iya zama yabo, zai iya zama abin da Baba ya shekara arba'in da takwas yana tsoro, a faɗe shi ƙarara, kuma a ajiye inda duk mai waya a duniya zai ji. Na so in saurara ni kaɗai, in na ji ba daɗi in yi shiru har abada. Amma na san kaina, fuskata ba ta iya ɓoye komai, Baba zai karanta ta kafin in gama gaisuwa. Kuma maganar ba tawa ba ce da zan riga mai ita ji.

Da la'asar na gaya masa duk yadda ake ciki. Na ce ban ji sauran ba, ban san mai daɗi ne ko marar daɗi ba. In ya ce a bari, an bari.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. "Minti nawa na?"

"Ashirin da shidda."

"Bai taɓa yi mani maganar minti guda ba." Ya dubi hanya. "Ranar Assabar mu tafi Kebbe. In faɗa na, a yi mani shi cikin zauren da nib baro."

Muka kama hanya da hantsi. Ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsawo hagu da dama. Motar haya ta kai mu inda za ta iya, wurin da ruwa ya cinye hanya ta sauke mu, muka hau kabu-kabu. Baba yana gaba, hannu ɗaya riƙe da hula, babbar riga ta cika da iska, ni ina baya ina yi wa nawa direban faɗa ya rage gudu. Muka tsaya a wani kwazazzabo. Ya nuna da haɓa ya ce a nan ruwa ya tsare shi kwana biyu wancan karon.

Gwaggo Fadima ce ta rage a gidan cikin 'yan uwansa, ta dawo bayan rasuwar mijinta. Ƙaramar mace ce mai baki, ni aka ce na gado. Tana ganinmu ta fara.

"Yaya Dikko, lafiya, ba biki ba ta'aziyya? Ko Ummu ta kawo ka a sake yanka maka suna?" Ashe labarin har Kebbe ya kai.

Bayan azahar muka shiga zaure. An daina karatu a ciki tun rasuwar Baffa Atiku, an koma makarantar bulo da ke bayan masallaci. Buhunan gero ne a jingine, da akwatin littattafai a kan duwatsu saboda gara. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma. Baba bai zauna a kai ba. Ya je can kusa da ƙofa, gefen hagu, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, na gane nan ne wurinsa a da. Na ɗora wayar da 'yar lasifika a kan akwatin, daidai inda buzun tsohon yake zama. Na danna.

Shuuu ɗin ya fara. Daga nesa ana jin daka, tabarya tana sauka a hankali.

"Dada ta," in ji Gwaggo. "Dakanta na wanga, ko cikin barci na san shi."

Muryar Ɗangiwa ta fito. "Allah shi gafarta malam, wanga ilmi da wanga tarihi da kab ba ni, wa ka riƙe su bayanka?"

"Akwai wani yaro can Tambuwal."

"Ɗalibinka na?"

"Yaro na dai."

"Mi as sunanshi, in rubuta?"

Shiru. Dakan ya tsaya. Sai ga dariyar mace daga bayan katanga, gajeriya, an toshe ta da hannu. Gwaggo ta dafe ƙirji. Ni ban taɓa jin Dada ta yi dariya irin wannan ba, da tsufanta na san ta.

"Na gane, Allah shi gafarta malam," in ji Ɗangiwa da sauri. "A yi mani haƙuri."

Shi ya gane tun 1977. Sa'annin jikokinsa masu kwamfuta ne suka ji wannan duka suka rubuta ɗalibi.

Tsohon ya yi gyaran murya. "Shi ad da kai. Abin da nika faɗi sau guda, shi ya riƙe, sauran sai na maimaita. Bara yaz zo yac ce mani za shi boko, gwamnati na biɗar malamai. Ina fiƙe alƙalami. Nic ce to. Mi zan ce? Mutane na zamne. In ɗaga kai in dube shi, a ce Dawuda ya tsufa ya zubda kunya? Alƙalamin nan sai da nif fiƙe shi har yaƙ ƙare, ban sani ba."

Na saci kallon Baba. Kansa a ƙasa, tafin hannuwansa a kan gwiwa, kamar mai jiran a biya masa karatu.

"Ka yi fushi da yat tafi?" Ɗangiwa ya tambaya. Allah ya saka wa wannan bawa da alheri duk inda yake, da ni ce ba zan iya tambaya ba.

"Na ji zafi. Ba ni yi maka ƙarya, ga abinka na ɗauka. Na so shi zamna nan. Amma karantarwa za shi, ba sata ba. Ɗiyan talakawa za shi koya ma karatu, mu ma shi muka yi." Ya ja numfashi. "Sai da yab ba da baya, yak kai bakin ƙofa, kana nic ce Allah shi yi maka albarka. A hankali nif faɗi. Ban san ko ya jiya ba."

"Amin," in ji Baba.

A hankali shi ma ya faɗa, yana kallon ƙasa. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Na kai hannu zan tsayar, ya girgiza mani kai.

"Ya aiko mani takarda da rubutun boko," tsohon ya ci gaba. "Ni ban karatun boko. Nib ba malamin asibiti yak karanta mani. Nib ba mai awon gyaɗa. Nib ba wani direba. Kowa daban, ba wanda yas san na ba wani, don ni labarin da yaz zo ta baki guda ba ni kama shi. Su ukku magana guda sunka faɗi, wai in gafarta mai. To mi yay yi mani? Na kwana biyu ina biɗar laifin da zan gafarta, ban samu ba."

"Ka mayar mai da amsa?"

"Na ɗauki alƙalami. Amma takarda sai an sa sunan mai ita bisa, in ba haka ba wa za a kai ma? Nan nit tsaya. Tana nan cikin littafi, bisimilla kawai ag gare ta."

Gwaggo ta fashe da dariya cikin kuka. "Malam ke nan. Shi aiki direba da baki ya gagara?"

"Yi shiru, Fadima," in ji Baba, amma shi ma bakinsa yana motsi.

Sauran kaset ɗin duk labarin yaron ne. Yadda ya haddace wani littafi cikin wata biyu. Yadda ya taɓa bin saniyar da ta ɓace har Dogon Daji a ƙasa ya dawo da ita. Yadda tsohon yake fita bakin kasuwa duk ranar da motar Tambuwal ta shigo, ya tsaya kusa da direba yana tambayar farashin gishiri, har sai direban ya gaji ya ce masa yaron yana lafiya. Minti ashirin da wani abu yana magana, ko sau ɗaya harshensa bai zame ya faɗi sunan ba.

Can wajen ƙarshe ya ce, "Kai yaro, wanga abu naka, in an rufe shi, maganar tana nan ciki?"

"Tana nan, Allah shi gafarta malam."

"Har yaushe?"

"Ko shekara nawa, in an adana."

"To. A adana. Mai ita za shi iske ta."

Aka ji ƙarar maɓalli, kaset ya ƙare.

Wata kaza ta leƙo zauren ta koma. Baba ya tashi da kyar, ƙafarsa ta yi tsami, ya ƙi in kama shi. Ya buɗe akwatin littattafan ya shiga ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, yana kaɗa ganyayensu. Mun fi awa muna nema, ba mu ga takardar mai bisimilla ba, ko gara ta ci ko wani ya naɗe magani da ita. Na ji haushi sosai, shi ko a jikinsa. Ya ce ai ya ji abin da za a rubuta a ciki. Ya yi alwala ya tafi maƙabarta shi kaɗai, bai dawo ba sai bayan la'asar, idonsa ja, yana tambayar Gwaggo ko akwai sauran fura, yunwa yake ji.

A hanyar dawowa, cikin mota, na fito da waya. A ƙasan shafin akwai wurin da ake aika gyara, ni kuma na riga na shirya masu magana mai zafi tun ranar Talata. Na ce, "Baba, faɗa mani yadda kaka so a rubuta. Muhammadu Dikko Dawuda, ko a sa Malam gaba?"

"Mi za ki ce musu?"

"Ba ɗalibi na ba, ɗanshi na na fari. Su sa sunanka sama ga na Baffa Atiku."

Muka wuce wani ƙauye. Sannan ya ciro jan bironsa, ya juya shi a hannu, ya mayar aljihu.

"Lissafi su gyara, mu biyar na. Amma suna, a bar shi."

"Baba, don sunan fa munka yi wagga tafiya."

"Ke kin yi don suna. Ɗalibai nawa yaf faɗi sunansu cikin kaset na biyu?"

"Sun fi ashirin."

"To kin gani. Kowa ya samu suna. Mutum guda yak kasa faɗi." Ya gyara hula. "Minti ashirin da shidda shina riƙe da shi cikin baki bai saki ba. Ba ni za ni sakar mai shi ga intanet ba."

Ban ji daɗi ba, ni mai son a rubuta komai daidai ce, kuma na faɗa masa haka. Ya ce in na zama hedimasta sai in yi yadda nake so. Na rubuta masu abin da ya ce, na cire rabin zafin, na bar rabi. Bayan sati uku wata yarinya ta amsa da ladabi, ta ba da haƙuri, ta ce kakarta ma ba ta faɗin sunan babanta, ita ba ta taɓa tambayar dalili ba. Suka ƙara bayani a kan al'adar a ƙasan shafin, don masu koyarwa. Yanzu da shi nake buɗe darasin tarihin baka kowace shekara, kuma sai na saurari abu har ƙarshe nake kunna majigi.

Baba bai iya shiga intanet ba, ya ce ba zai koya ba. Amma in na biyo da la'asar, bayan gaisuwa, yakan rage muryar rediyo ya ce, "Malama Ummu, buɗe mani wurin nan in gani ko sun taɓa." In buɗe in miƙa masa. Ya sa tabarau, ya nisanta wayar da fuskarsa, ya bi layin da yatsa yana karantawa a fili: 'ya'yansa biyar, Atiku, Abdu, Fadima, Maimuna, da wani yaro can Tambuwal.

Sai ya miƙo mani wayar ya ce, "Ni na."